Bin Sawun Alƙalamin Wang Xizhi, Daga Shaoxing Zuwa Taipei

Jirgin ƙasa mai saurin gudu da ya tashi daga Hangzhou ba ya cika rabin sa'a kafin ya sauke fasinja a Shaoxing, tsohon gari a lardin Zhejiang da ke gabashin ƙasar Sin, inda magudanan ruwa ne lungunan tsofaffin unguwanni, masu kwalekwale kuma suna tuƙi da ƙafa a bayan baƙar rumfa. Daga tsakiyar gari tafiyar kilomita 13 ce kudu maso yamma zuwa Lanting, a gindin tudun Lanzhu. Baƙo yana shiga ta siririyar hanya da gora ta yi wa inuwa, ya fara cin karo da tafki mai garken farar dinya, a gefensa allon dutse mai manyan haruffa 2 da ake cewa Wang Xizhi ya rubuta ɗaya, ɗansa ya rubuta ɗayan. Gaba kaɗan akwai allon da Sarki Kangxi ya rubuta sunan wurin a kai. An farfasa shi a zamanin Juyin Juya Halin Al'adu, aka harhaɗa shi daga baya, tabon yana nan har yau. Sai wata ƙorama mai lanƙwasa da aka jera wa duwatsun zama a gaɓa biyu, sai kuma wani ƙaton allo wanda a 1693 Kangxi ya kwafi shahararren rubutun Wang a fuskarsa, jikansa Qianlong ya zo a 1751 ya rubuta waƙa a bayansa.

Ya kamata baƙo ya sani tun daga ƙofa cewa babu dutse ɗaya a wannan lambu da za a iya rantsewa Wang Xizhi ya taɓa shi. An sha matsar da wurin, kuma inda yake yanzu wani hakimin Shaoxing ne ya tsayar da shi a 1548, zamanin daular Ming, kusan shekara 1,200 bayan taron da ya sa sunan Lanting ya shiga tarihi. Abin da ya fi wannan girma: mutumin da Sinawa ke kira waliyyin rubutu, wanda kowane ɗan koyo yake fara jin sunansa, babu takarda ko ɗaya da masana suka yarda ta fito daga hannunsa kai tsaye. Duk abin da ke gidajen tarihi na Beijin da Taipei da Jafan kwafi ne, wani ma kwafin kwafi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to a nan me mutum ya zo gani? A ganina tafiyar ba ta faɗi ba, domin abin da Sinawa suka adana na Wang shi ne motsin hannunsa, kuma motsi ba ya zama a akwati. Sai dai wani hannu ya karɓe shi ya miƙa wa wani. Wanda ya bi wannan silsila gari gari zai gane cewa kwafi shi ne hanyar da wannan fasaha take rayuwa da ita tun asali.

An haifi Wang a wajen 303, ɗan gidan Wang na Langya, a yankin Linyi na lardin Shandong na yau. Yana yaro daular Jin ta Yamma ta rushe, birnin Luoyang ya faɗi a 311, manyan gidaje suka ƙetare kogin Yangtze suka yi kudu, inda aka kafa Jin ta Gabas da Wang Dao, ɗan uwan mahaifinsa, a matsayin babban waziri. Mace ce ta fara koya masa riƙon alƙalami, Wei Shuo, wadda aka fi sani da Uwargida Wei. Ya yi aikin hukuma har ya kai muƙamin Janar na Rundunar Dama da gwamnan Kuaiji, wato yankin Shaoxing. Tarihin daular ya nuna shi mutum ne mai sa ido kan talakawa: ya buɗe rumbunan hukuma a shekarar yunwa, ya rubuta wa manya yana kukan nauyin haraji, ya gargaɗi wani kwamanda, Yin Hao, kada ya kai yaƙi arewa, Yin Hao ya ƙi ji ya sha kashi. A 355, saboda rashin jituwa da Wang Shu wanda aka ɗora a kansa, ya je kabarin iyayensa ya yi rantsuwar barin aiki, bai kuma koma ba har ya rasu a wajen 361. Yawancin abin da ya rage da sunansa gajerun wasiƙu ne na gaisuwa da ta'aziyya da kukan ciwo. Ɗaya daga cikinsu, wadda kwafinta ke cikin taskar gidan sarautar Jafan, baƙin cikin tona kaburburan kakanninsa a arewa take bayyanawa. Mutum ne da bai rubuta don a rataye a bango ba.

Haka ma rubutun Lanting. A 353, ranar 3 ga wata na 3 a kalandarsu ta wata, ranar da al'ada ta tanadi a fita bakin ruwa a kori sharrin shekara, mutum 42 suka taru, ciki har da Xie An da Sun Chuo da wasu 'ya'yan Wang. Ana sakin ƙoƙon giya a ƙorama, wanda ya tsaya a gabansa ya tsara waƙa ko ya sha tara. Mutum 26 suka tsara waƙoƙi 37, saura suka sha. Aka ce Wang ya rubuta wa tarin gabatarwa, ya zauna nan take ya zuba haruffa 324 a layi 28. Ya fara da kyan ranar da daɗin zama da abokai, sai ya juya kan yadda daɗi yake wucewa da yadda mutuwa take jiran kowa, ya ƙi yarda da masu cewa rai da mutuwa duk ɗaya ne. Daftari ne: akwai inda ya goge da baƙar tawada, akwai inda ya ɗora harafi kan harafi, akwai haruffa 2 da ya manta ya saƙala su a gefen layi. Wani ɗan ƙaramin harafi da ake furta shi "zhi" ya fito sau 20, kowane da siffarsa. Dole a fahimci kayan aikin kafin a gane dalilin da wannan ya zama abin mamaki. Alƙalamin Sinawa gashin dabba ne a bakin gora, yana buɗewa in an danna, yana tsukewa in an ɗaga, tawada kuma ana niƙa ta ne da ruwa a kan dutse, takarda tana shanye ta nan take. Babu gyara ba tare da an gani ba. Saboda haka ƙwararren mai kallo yana iya bin layi ya san inda hannu ya yi sauri, inda ya dakata, inda ya juya, da wane ɗigo ya riga wane. Gwanintar Wang ita ce ya ɗauki salon da ke tsakanin tsayayyen rubutu da mai gudu, wanda kafin shi yake da nauyin tsohon rubutun magatakarda, ya sauƙaƙa shi yadda kowane harafi ke miƙa wa na ƙasa da shi hannu ba tare da ya rasa ƙashinsa ba.

A cikin garin Shaoxing akwai unguwar da ke ɗauke da laƙabin Wang, da haikalin Jiezhu da ake cewa gidansa ne, da wata 'yar gada inda labari ya ce ya rubuta haruffa a mafitan da wata tsohuwa ke sayarwa, ta ɓata rai, sai ga kasuwa ta yi mata caa. Ana iya zagaya su cikin yamma ɗaya a wuce.

Inda maganar take da nauyi shi ne arewa maso yamma, a lardin Shaanxi. Wanda ya fita daga Xi'an ya nufi dutsen Jiuzong zai isa Zhaoling, kushewar Sarki Taizong na daular Tang, wanda ya yi mulki daga 626 zuwa 649. Shi ne ya tattara rubuce-rubucen Wang fiye da 2,000 kamar yadda littattafan zamanin suka ruwaito, ya sa Chu Suiliang yana tantance na gaske da na jabu. Ruwayar da ta shahara ta ce gabatarwar Lanting ta bi zuriyar Wang har ta iso hannun jikansa na bakwai, Zhiyong, malamin addinin Buda, shi kuma ya bar wa almajirinsa Biancai, wanda ya ɓoye ta a azarar ɗaki; sarki ya tura wani jami'i mai suna Xiao Yi ya yi shigar ɗalibi, ya shiga jikin tsohon har ya ga maɓoyar, ya ɗauke. Ko ma dai yaya takardar ta isa fada, abin da sarki ya yi shi ne ya raba aikin kwafarta gida biyu. Ya ba masu kwafin fada irin su Feng Chengsu, waɗanda ke ɗora siririyar takarda mai ɗaukar haske a kai, su zana gefen kowane layi da tsinin gashi sannan su cike cikin da tawada. Ya kuma sa manyan gwanaye, Ouyang Xun da Yu Shinan da Chu Suiliang, su dube ta su rubuta da hannunsu. Hanya ta farko tana kama siffa ta rasa numfashi, ta biyu tana kama numfashi ta karkata siffa. Bayan haka, in ji ruwaya, aka binne asalin tare da shi a 649. A farkon ƙarni na 10 wani shugaban soja mai suna Wen Tao ya fasa kaburburan Tang, an kuma rubuta cewa ya tarar da rubuce-rubucen Wang a Zhaoling, amma tun daga lokacin ba wanda ya sake ganin gabatarwar.

A nan mai shakka zai ɗaga hannu ya ce: ashe sarki ne ya ƙera waliyyin. Taizong ɗan arewa ne da ke son ya nuna shi ne magajin wayewar kudu, da hannunsa ya rubuta sharhin yabo a ƙarshen tarihin rayuwar Wang a littafin tarihin Jin, ya kuma kushe ɗan Wang ɗin, Wang Xianzhi, wanda akwai zamanin da aka fi son rubutunsa a kan na uban. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya musanta rawar siyasa a nan yana yaudarar kansa. Sai dai hujjar ba ta kai inda ake son kai ta ba. Kusan shekara 100 kafin Taizong, Yu Jianwu na daular Liang ya jera gwanayen rubutu daraja daraja, ya sa mutum 3 kacal a ƙololuwa: Zhang Zhi da Zhong Yao da Wang Xizhi. Daular Tang kuma ta faɗi a 907, amma a 992 da sarkin Song ya sa aka sassaƙa tarin rubuce-rubucen magabata a juzu'i 10, Wang shi kaɗai ya cinye 3, ɗansa ya ɗauki 2. A 1310, ƙarƙashin mulkin Mongol, Zhao Mengfu yana cikin jirgin ruwa zuwa babban birni ya shafe tafiyar yana nazarin wani kwafin Lanting, ya rubuta masa sharhi 13. Sarki yana iya tilasta wa fadawansa su yabi abu. Ban ga yadda zai tilasta wa mutanen da suka zo shekara 600 bayan mutuwarsa, ƙarƙashin wasu sarakunan da ba su san shi ba, su ƙarar da idonsu a kan takarda ɗaya ba.

A cikin birnin Xi'an, kusa da ganuwar kudu, akwai gidan tarihin Beilin, dajin allunan dutse da aka fara tarawa a 1087. A nan ne aka fi ganin yadda silsilar take aiki. Akwai allon da aka kafa a 672, mai ɗauke da gabatarwar da Taizong ya rubuta a 648 don girmama fassarar littattafan Buda da Xuanzang ya yi. Wang ya rasu kusan shekara 300 kafin a tsara wannan magana, amma da hannunsa aka rubuta ta: wani malami mai suna Huairen ya bi rubuce-rubucensa da ke fada yana tsinto harafi ɗaya ɗaya, wanda bai samu ba ya haɗa shi daga sassan wasu, har ya cika kimanin haruffa 1,900. Daga irin wannan dutse ake ɗaukar kwafi: a jiƙa takarda a manna, a bubbuga ta shiga ramin sassaƙa, a shafa tawada da ƙunshin ƙyalle, haruffa su fito farare a kan baƙi. Da wannan ɗan malamin ƙauye da ba zai taɓa taka fada ba ya sami malami. Wanda ya zauna a makarantar allo ba sai an yi masa dogon bayani ba: yaro yana bin hannun malam, a wanke allo rubutu ya tafi, amma riƙon alƙalamin ya zauna, ya kuma wuce zuwa wani yaron.

Ƙalubale mafi tsanani ga sahihancin rubutun Lanting daga Nanjing ya fito. A 1964 da 1965 aka tono allunan kabari na Xie Kun da na Wang Xingzhi, ɗan uwan Wang Xizhi na jini, rubutunsu kuwa mai kusurwa ne, mai nauyi, ba ya kama da Lanting ko kaɗan. Guo Moruo, wanda a lokacin shi ne shugaban cibiyar kimiyya ta ƙasar, ya buga maƙala a 1965 yana cewa mutanen wancan zamani ba su iya irin wannan sassauƙan rubutu ba, don haka Zhiyong ne ya ƙirƙiro shi. Ya ƙara da wata hujja da Li Wentian ya riga ya kawo a ƙarni na 19: wani tsohon sharhi ya kawo gabatarwar a gajarce, babu sashen baƙin cikin mutuwa. Wani malami a Nanjing, Gao Ershi, ya mayar da martani, amma sai da maganar ta kai ga Mao Zedong kafin a buga raddin nasa. Hujjar dutsen kabari ita ce mai rauni. Abin da masassaƙi ke yi don a binne da mamaci daban, abin da mai gida ke rubuta wa abokai a bakin ƙorama daban, kuma akwai shaida a kan takarda: wasiƙun Li Bo da wata tawagar Jafan ta samo a hamadar yankin Loulan a 1909, na farkon rabin ƙarni na 4, an rubuta su da hannu mai tafiya, haka ma wasiƙar Wang Xun, ɗan gidan su Wang da ya rasu a 400, wadda masana suka yarda asali ce. Hujjar gajeren nassi ta fi wuyar turewa, ko da yake masu sharhi na da sun saba gutsure abin da suke kawowa, kuma har yau akwai masana a ɓangarorin biyu. Amma a ɗauka Guo ya yi daidai. Abin da zai nuna shi ne cewa jika na bakwai ya riƙe hannun kakansa har ya ruɗi Chu Suiliang, mutumin da ke da dubban takardun Wang a gabansa yana gwadawa. Sunan da ke kan takardar zai canza, amma batun miƙa hannu sai dai ya ƙara ƙarfi.

A tsohuwar fadar sarakuna ta Beijin ake ajiye kwafin da aka fi amincewa da shi, wanda ake jingina wa Feng Chengsu, ana kiransa da sunan zamanin Shenlong saboda rabin hatimin da ke jikinsa. Tsawonsa bai wuce santimita 70 ba. Abin lura a cikinsa shi ne mai kwafin bai gyara komai ba: gogewar tana nan, haruffan da aka saƙala a gefe suna nan, har inda gashin alƙalami ya rabu biyu ya bi ya zana. Wanda ke son ya ƙawata gwarzo da ya share kurakuran. A wannan fada kuma akwai ɗan ƙaramin ɗakin da Qianlong ya keɓe a 1746 don takardu 3 da ya fi ƙauna, na Wang Xizhi da Wang Xianzhi da Wang Xun. Biyu suna Beijin. Ta Wang Xizhi, 'yar wasiƙa mai haruffa 28 kan washewar gari bayan zubar dusar ƙanƙara, tana cikin kayan da aka ƙetarar zuwa Taiwan a ƙarshen shekarun 1940. Qianlong ya cika gefenta da hatimai da sharhinsa sau gommai, abin da ni dai nake gani rashin kunya ce ta mai mulki, ko da ƙauna ce ta sa shi. Ita ma kwafi ce. Kasuwa ma ta san haka ba ta damu ba: a 2010, a wani gwanjo a Beijin, an sayar da wani tsohon kwafi na wasiƙarsa mai haruffa 41 a kan yuan miliyan 308.

Saura ƙorafi ɗaya, kuma shi ne wanda ya fi cancantar a saurara. Idan kowa na bin hannu ɗaya, ina sabon abu zai fito, kuma me ya rage na asali bayan an sassaƙa kwafi daga kwafi sau goma? Tun zamanin Tang, Han Yu ya soki rubutun Wang da cewa neman kyan fuska ya yi masa yawa. A ƙarni na 19 Ruan Yuan, daga baya Kang Youwei, suka ce maimaita sassaƙa ya shafe ainihin fuskar, gara a koma kan tsofaffin duwatsun arewa masu kaushi. Suna da gaskiya a kan lalacewa: akwai kwafe-kwafen dutse da suka dushe har layukan suka zama kamar an ja su da tsinke, kuma jarrabawar shiga aikin hukuma ta haifar da wani santsin rubutu marar rai da kowa ke yi iri ɗaya. Inda suka zarce shi ne ɗora laifin kan koyi da kansa. Mi Fu da Zhao Mengfu da Dong Qichang duk sun sha daga Wang, kuma ko ɗan koyo ba zai haɗa hannun ɗayansu da na wani ba. Yan Zhenqing, wanda allunansa na 752 da 780 ke tsaye a Beilin, ya taso a cikin wannan tarbiyya ya fito da rubutu mai faɗin ƙirji da kauri wanda ya saɓa wa na Wang ta kowace fuska. Mutum sai ya san inda aka saba juya alƙalami kafin ƙin juyawarsa ya zama magana.

Duk da haka akwai abin da kwafi ba ya ɗauka, kuma a gidan tarihin fada na Taipei ake ganinsa. A can ake ajiye daftarin makokin da Yan Zhenqing ya rubuta a 758 don ɗan ɗan'uwansa da aka kashe a tawayen An Lushan. Wannan asali ce, hannun Yan ne ya taɓa takardar. Ana ganin inda tawada ta ƙare a gashi bai tsaya ya tsoma ba, ya ci gaba da jan busasshen alƙalami, ana ganin yadda gogewa ke ƙaruwa da layuka ke karkacewa yayin da ya iso kan labarin kisan. Mai kwafi yana iya zana gefen wannan bushewa, amma a natse zai yi, da hannu mai lissafi. Al'adar Sinawa ta sa wannan daftari a matsayi na biyu cikin rubutu mai tafiya, ta ba Lanting na farko, wato ta fifita abin da ba wanda ya gani shekara 1,000 da ɗoriya a kan abin da ke gaban ido. Wannan hukunci kam ana iya jayayya da shi, kuma ni ina tare da masu jayayyar. Mai niyyar zuwa ya yi hukunci da idonsa ya bincika tun kafin ya sayi tikiti, domin daftarin Yan da wasiƙar dusar ƙanƙara suna cikin kayan da gidan tarihin ke fitarwa na 'yan makonni kawai, sannan a mayar da su ma'ajiya su huta shekaru saboda haske yana cin tsohuwar takarda.